Za mu hau duwatsun Shere da abokan makaranta, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu bakwai ne, tare muka gama sakandare a 1998, yanzu kowa yana wajen shekara 45. Mun daɗe ba ma haɗuwa sai a wurin ɗaurin aure ko jana'iza. Bana mun yanke shawarar mu tashi daga Kano a watan Disamba mu je Jos mu hau duwatsun Shere, mu kwana biyu. Babu wanda ya taɓa irin wannan tafiya a cikinmu. Ɗaya yana da ciwon suga, biyu suna shan maganin hawan jini, ni kuma gwiwa takan dame ni. Wani cikinmu ya ce ai a makaranta gudun kilomita goma muke yi, wannan ba komai ba ne. Me za mu tanada, me kuma za mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya bar zumunci. Ku je, tafiyar mai yiwuwa ce, na raka waɗanda suka girme ku da shekara goma sun hau sun sauko lafiya. Sai dai cikin ku bakwai ɗin nan, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai maganar gudun kilomita goma. Mai suga ya san yana da suga, zai kiyaye. Shi wannan bai san yana da komai ba.

Na fi shekara ashirin ina kai mutane kan duwatsun Filato. Da 'yan makaranta na fara, lokacin ina koyar da wasannin motsa jiki, daga baya manya suka fi yawa. Cikin duk waɗanda na raka, babu masu ba ɗan jagora ciwon kai kamar tsofaffin abokan makaranta. Baƙin da ba su san juna ba, idan mutum ya gaji zai ce na gaji, ya nemi dutse ya zauna, ba ruwansa da kowa. Miji da mata ma sukan lallaɓa juna. Ku kuwa kowa yana kallon ɗan'uwansa da idon shekara goma sha takwas. Wanda ya yi kyaftin ɗin ƙwallo gani yake dole shi ne a gaba. Wanda ake tsokana da rago a aji yana son yau ya wanke kansa. Kuma ba wanda zai yarda ya zama na farkon da zai ce a tsaya, don ya san maganar za ta bi shi har ranar auren jikokinsa.

Akwai wata tafiya da har yau ba ta fita raina ba. Su shida ne, duk alhazai. Ɗaya dogo ne mai barkwanci, tun daga mota yake kashe mutane da dariya. Mun yi kamar awa ɗaya da rabi muna hawa sai na lura bakinsa ya mutu. Na waiwaya na ga yana ɗaga ƙafa kamar mai laluben inda zai ajiye ta, gumi ya jiƙa masa bayan riga sharkaf alhali iska mai sanyi ce ke kaɗawa. Na ce, Alhaji lafiya dai ko? Sai ya daka mini tsawa, wai shi ba yaro ba ne da za a riƙa tambayarsa. Abokansa suka bushe da dariya, wai yau wane ya gamu da gamonsa. Da na riƙe hannunsa sai na ji shi sanyi ƙalau, yana karkarwa. Da ƙyar na zaunar da shi a kan wani fa, na ba shi dabino uku, na kaɗa suga a ruwa ya sha. Bayan minti goma sha biyar ya dawo hayyacinsa, sannan ya faɗa mana da ƙaramar murya cewa shekara huɗu ke nan yana shan maganin suga, ya sha da asuba, bai kuma karya ba don kada ciki ya yi masa nauyi. Mutum biyar ɗin nan ɗaki ɗaya suka kwana da shi a makarantar kwana, amma babu wanda ya sani.

Ku kun ɗara su, tunda kun san mai suga da masu hawan jini. Amma ina kyautata zaton akwai wanda bai faɗi nasa ba, ko asma, ko gyambon ciki, ko wani nauyin ƙirji da yake ji idan ya hau bene yana ce wa kansa gajiya ce. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ku zaɓi mutum ɗaya mai riƙon sirri, kowa ya kira shi shi kaɗai ya gaya masa abin da ke damunsa da maganin da yake sha, ya rubuta a takarda ya sa a aljihu. Kada a yi wannan a taron jama'a, don a can kowa lafiyarsa ƙalau.

Mutum ukun nan su ga likitansu tun yanzu, su gaya masa ainihin abin da za su yi: tafiyar awa huɗu zuwa biyar a ƙafa, da hawa. Ga mai suga, abin tsoro a kan dutse shi ne faɗuwar sugan, musamman idan allurar insulin yake yi ko yana shan ƙwayar maganin suga irin su glibenclamide, domin aikin tsoka yana cinye sugan jini, maganin kuma yana ƙara tura shi ƙasa. Likita ne zai ce ko a rage maganin ranar, ba abokai ba. Ya karya kumallo, ya ɗauki na'urar gwajinsa, ya sa dabino da suga a aljihun wando inda hannu zai kai. Ku duka ku san alamomin: rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam, faɗa babu dalili, magana ba kan gado. A ba shi babban cokali ɗaya na suga a ruwa, a jira minti 15, in bai warware ba a ƙara. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti. Masu hawan jini kada su tsallake maganinsu ranar, kuma wanda nasa yake sa yawan fitsari ya san zai fi kowa saurin bushewa. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko ciwo yana gangarowa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko haki ya ƙi lafawa bayan an huta, tafiyarsa ta ƙare a wurin, babu jayayya.

Yanzu dutsen kansa. Shere ba dutse ɗaya ba ne, jerin tsaunuka ne a gabas da Jos, kamar kilomita 10 daga cikin gari, kuma mafi tsawonsu ya kai kusan mita 1,829 sama da teku. Kada adadin ya tsorata ka, domin garin Jos kansa yana zaune ne a kan kusan mita 1,200. Abin da ƙafa za ta hau wajen mita 600 ne kawai ko da har ƙoli za a je, yawancin hanyoyin ma ba su kai haka ba tunda mota takan rage wani abu. Amma kada kuma ya ruɗe ka. Hawa ɗaya na bene kamar mita 3 ne, saboda haka mita 400 daidai yake da bene mai hawa 130 da ɗoriya, kuma matakalar ba ta siminti ba ce. Dalarku da kuke taƙama da ita ba ta kai mita 100 daga gindinta ba. Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa a kan manyan tsaunuka ba ya cikin lissafinku, sai an haura wajen mita 2,500 yake fara damun mutane, ko Chappal Waddi ta jihar Taraba da ta fi kowane tsauni a Najeriya mita 2,419 ce. In wani ya ji jiri a Shere, ku nemi dalilin a ruwa, ko suga, ko zuciya.

Akwai wani tsohon lissafi da masu hawan dutse ke amfani da shi, wani mutumin Sikotland, William Naismith, ya fitar da shi a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A ce hanyarku kilomita 8 ce zuwa da dawowa, da hawan mita 400, lissafin zai ba da awa biyu da kwata. To amma da jikin masu hawa kullum ya auna, kuma bai sa hutu a ciki ba. Ku ninka shi biyu. Awa huɗu da rabi ke nan, kuma a hakan ma sai in ba a tsaya ɗaukar hoto a kan kowane dutse ba, wanda na san za a tsaya.

Shawarata, a wannan karon kada ku sa wa kanku lallai sai ƙoli. Ku ce wa ɗan jagora ya zaɓa muku hanyar da za ta kai ku wani falalen dutse mai kyan hange cikin awa biyu, inda za a shimfiɗa darduma a ci dabino a yi ta tsiya. Abin da ya kawo ku ke nan ai. In kun ga da sauran ƙarfi da sauran lokaci, sai a ƙara gaba.

Abin da zan fi ja maka kunne a kansa shi ne tsarin tafiyar, domin shi ne maganin waccan kunyar. Manufarsa ita ce kada a bar kowa cikin halin da sai ya buɗe baki ya ce na gaji. Ku yanke komai tun a Kano, lokacin da kowa ke zaune a kujera babu mai haki. Na farko, hutu da agogo ake yinsa: duk bayan minti 30 a tsaya minti 5, kowa ya sha ruwa, da mai jin ƙishi da wanda ba ya ji. Ɗan jagora ne zai kira, ba ɗayanku ba. Sannan wanda ya fi kowa nauyin ƙafa shi ne zai bi bayan ɗan jagora, kowa ya daidaita takunsa da nasa. In aka bar shi a baya, abin da ke faruwa shi ne na gaba su jira shi suna hutawa, yana isowa da haki sai su miƙe su ce to mu je, wato wanda ya fi bukatar hutun shi ne ba ya samu ko kaɗan. Na ga wannan ya fi a ƙirga, kuma masu yin sa ba su ma san zalunci suke yi ba. Ma'aunin sauri kuwa mai sauƙi ne: in mutum ba zai iya ba da labari yana tafiya ba sai ya tsinka jimla don ya ja numfashi, an yi sauri da yawa. Ku da ba ku rasa labari, wannan ma'aunin zai yi muku aiki da kansa. Duk wanda kuka ji ya yi shiru, shi za ku duba.

Shi kuma gwanin kilomita goma, kada ku tsaya musu da shi, muƙami za ku ba shi. Ku ce masa tunda ya fi kowa ƙarfi, shi ne zai tsare baya, ya goya jakar magani da ƙarin ruwa, kuma amanar kada a bar kowa tana wuyansa. Zai karɓa da murna, kilo huɗun da ke bayansa kuma za su koya masa abin da bakinku ba zai iya ba.

Sai lokacin juyowa. Ku fara hawa da ƙarfe bakwai na safe, ku yi alkawari cewa sha ɗaya na bugawa an juya, ko da ƙolin yana nan kamar a miƙa hannu a taɓa. A kan dutse ido maƙaryaci ne, hangen Dala ba shiga birni ba ne: tudun da ka ɗauka shi ne na ƙarshe, kana hawa sai ka tarar da wani a bayansa. A Disamba rana tana faɗuwa a Jos ƙarfe shida da 'yan mintuna, duhu kuma ba ya ɓata lokaci. In kuka juya da sha ɗaya, ko wani ya yi targaɗe sai an tallabe shi, kuna da awanni a hannu. In mutum ɗaya zai koma tun kafin lokaci, ba zai koma shi kaɗai ba, kuma ku faɗi sunan wanda zai raka shi tun kafin a tashi, don kada a tsaya kallon-kallo. Saboda wannan ne nake ce wa mutum bakwai su ɗauki 'yan jagora biyu.

Kai mai gwiwa, naka aikin a saukowa yake. Mutane suna tsoron hawa, amma hawa huhu ya fi wahalarwa. A gangara ne nauyin jiki ke sauka a kan gwiwa da kowane taku, cinya ta riga ta gaji, hankali kuma ya tafi wurin abincin rana. Mafi yawan faɗuwar da na gani a nan aka yi ta. Duwatsun Shere irin sulɓaɓɓun nan ne masu faɗi, kuma da rani ɓarɓashin tsakuwa yakan kwanta a kansu, kamar an barbaza gero a kan siminti. Ka nemi sanda mai ƙwari wadda ta kai maka ƙirji, irin ta makiyaya, ka riƙa sa ta gaba kafin ƙafa. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a karkace za ka riƙa sauka kana yanka gangarar hagu da dama maimakon ka fuskance ta kai tsaye. Inda ya yi tsayi, zauna ka ja gindi. Na ga darakta guda ya sauko fa a zaune, wandonsa ya yage tun daga ƙugu, an yi masa dariya har Jos, amma da ƙafarsa ya shiga mota. In kana da abin ɗaure gwiwa ka sa shi tun daga ƙasa. Kuma kada ka amsa waya kana tafiya. Ni da nake wannan surutun, targaɗen da ya fi kwantar da ni bai fi taku hamsin tsakanina da mota ba na yi shi, ina ce wa uwargida ga mu nan mun sauko lafiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ba kanku sati shida. Kowa ya riƙa tafiyar minti 30 zuwa 40 sau huɗu a sati, da sauri-sauri, cikin takalmin da zai sa ranar. Ranar Asabar ku haɗu ku hau Dala ko Gwauron Dutse, ku hau ku sauko, ku sake hawa, sati na ƙarshe da jaka a baya. A nan za ku gane wane ne mai nauyin ƙafa ba tare da an tambaya ba, kuma in akwai mai matsalar ƙirji gara ta nuna kanta inda asibiti ke kusa.

Takalmi ba sai mai tsada ba. Kambas mai kaurin ƙasa da zane mai zurfi ya isa, a gwanjon Ƙofar Wambai ma za a samu. Ku gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri, a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, in ba haka ba a gangara farce zai riƙa dukan gaba har ya yi baƙi. Ku yanke farce kwana biyu kafin tafiya. Da zarar mutum ya ji wani wuri a diddige yana zafi-zafi, ya tsaya ya manna filasta kafin ya zama bororo. Sau-ciki na ofis da silifas su zauna a masauki, haka shadda da babbar riga. Dogon wando mai laushi, riga mai dogon hannu, hular hana-salla ko malfa, da rigar sanyi a jaka. Duk mita 1,000 da aka hau zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, saboda haka saman Shere zai fi gidanku sanyi da digiri takwas ko tara, ban da iska. Da dare a Jos cikin Disamba yakan sauka ƙasa da digiri 10. Alwalar asuba za ta gaya muku sauran.

Wannan sanyin shi ne tarkon hunturu. Gumi yana bushewa tun bai fito ba, mutum ba ya jin ƙishi, sai ciwon kai da ɗaurewar sha-raɓa su sanar da shi. Kowa ya ɗauki lita 3 a gora, ba a leda ba, don fiya wata takan fashe a jaka ta jiƙa rigar sanyi. In fitsari ya koma kalar shayi, an yi sake. Ku sa 'yan ƙullin gishiri da suga na kemis a jakar magani. In babu, ƙaramin cokali 6 na suga da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kada ku sha ruwan ƙorama komai garai ɗinsa, shanu da mutane suna sama da ku. Guzuri kuwa dabino, gyaɗa, ayaba, lemo, burodi da ƙwai. Kilishi ku bar shi sai an sauko, ƙishirwa yake tadawa. A jakar magani a sa bandeji mai talewa, filasta, auduga, farasitamol, man leɓe da tocila biyu. Ina hana mutane haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin hawa wai don rigakafin ciwon gwiwa, domin in jiki ya bushe suna takura ƙoda, ga mai hawan jini ko gyambon ciki kuma abin ya fi muni.

Na san tambayar da ke zuciyar kowa ita ce maciji. Akwai su, amma saran ya fi yawa a gona lokacin shuka da girbi, kuma mutum tara masu surutu da sanduna ba sa yi wa maciji ba-zata. Kada dai a zura hannu cikin kogo ko tsagar dutse, a duba kafin a zauna. In ƙaddara ta faɗa, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, baƙin dutse ma ɓata lokaci ne. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti ko da ya ce ba ya jin komai. Kububuwa ba a banza ake ce mata gobe-da-nisa ba: dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum zai yi ta hira lafiya, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi.

Ni dai zuma ta fi ba ni tsoro, domin a tsagar duwatsu take zama, kuma in ta taso mutane gudu suke yi ba sa duba inda ƙafa za ta sauka. Alhazan Kano, don Allah ranar a ɗaga wa turare ƙafa, a bar sigari ma. Sai ƙarara, mai kwanson nan mai gashi kamar karammiski da ke rataye a jikin ciyayi da rani. Wanda ya goge ta zai yi rawar da bai yi ranar aurensa ba. Kada ya sosa, a manna filasta a wurin a ɓare, gashin zai biyo ta. Kerana da ake shinge da ita a gonakin Filato, farin ruwanta in ya shiga ido masifa ce, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kuma za ku ga kududdufai masu kyan ruwa a kewayen Jos, ramukan da haƙar kuza ta bari ne, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani. Wani cikinku zai tuna ya iya iyo a 1998. Ku riƙe masa riga.

Duwatsun nan suna da masu su. Yankin Shere ƙasar Afizere ce, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, akwai gonakinsu a tsakanin duwatsun, akwai kuma wuraren da suke girmamawa ba a shiga. Ɗan jagora ɗan ƙasa shi zai kai ku ku gai da mai unguwa, shi ya san inda ake bi da inda ba a bi, kuma ganinsa tare da ku ya fi kowace takarda. A gindin duwatsun akwai makarantar horarwa ta gwamnatin tarayya wadda aka fi sani da Man O' War, can ne wuri na farko da za ku yi tambaya, akwai kuma ƙungiyoyin matasa a Jos masu hawa duk Asabar. Maganar tsaro ba zan ɓoye maka ba, Filato ta sha rikici tun daga 2001, kuma yanayi yakan sauya cikin kwana ɗaya. Ku kira mutumin da kuka amince da shi a Jos saura sati, ku sake kiransa ana gobe, in ya ce a dakata a dakata. Ku tashi daga Kano bayan sallar asuba don ku ratsa dajin Falgore da Saminaka da rana tsaka. Ku bar wa wani a masauki sunan ɗan jagora da hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata ya gan ku, domin sabis yakan ɗauke a kwazazzabai, ko lambar gaggawa ta 112 ba lallai ta shiga ba. Hotuna kuma a adana su, sai an koma gida a zuba a Facebook.

Game da sallah, nisan Kano zuwa Jos ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma in kun bi lokacin da na faɗa za ku yi azahar a ƙasa. In ta riske ku a sama kuma ruwan da ya rage na sha ne, ga dutse nan ko'ina, a yi taimama.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma zan sa baki. Shekara 27 ta raba aljihunku, wani yana da kamfani, wani malamin firamare ne. Ku yanke kuɗi ɗaya wanda mafi ƙarancinku zai iya, a tara wurin ma'aji tun kafin tafiya, mai hali in yana son ƙari ya ba ma'aji a ɓoye. Na lura duk tafiyar da mutum ɗaya ya biya komai, a kan dutse ma shi ke cewa a ci gaba ko a juya, sauran kuma nauyinsa suke ji su yi shiru. Agogo da ɗan jagora su ne shugabanni ranar.

In kuna da zaɓi, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi Disamba kyan gani, ruwa ya ɗauke, ciyawa tana kore, sama garau. A Disamba hazo yana iya rufe muku garin Jos da dam ɗin Lamingo gaba ɗaya, ku yi hawan awa biyu ku tarar da fari fat kamar an shanya zane. Amfaninsa dai ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, ana ganin inda ake taka, kuma babu fargabar tsawa da santsi irin na damina.

Washegarin hawan kada ku sa wani hawa. Ku je gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 ku ga tsofaffin gumakan yumɓu na Nok, a gefensa akwai inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya, ku je ku ga yadda aka kwaikwayi garinku. Wanda zai tuƙa ku gida ya samu barcin dare biyu, kada a kama hanya ranar da aka sauko. Tsamin jiki ba ranar yake zuwa ba, washegari yake sallama, jibi ya baje kayansa, kuma a cinya yake sauka. In za ku kama masauki ku ce a ba ku ɗakunan ƙasa. Waɗancan alhazai shidan a hawa na biyu suka kwana, da safe na zo ɗaukarsu na tarar da su suna saukowa bene da baya-baya, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rungume ƙarfen matakala, dogon nan yana daga sama yana kiran sunayensu kamar yadda ake kiran lamba a asambuli.